Motar haya mai gado da kicin: kwana biyar tsakanin Zion da Bryce

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu a waya cewa za mu yi kwana biyar a cikin mota, sai da ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta ce, "Lafiya dai ko? Ko kuɗin hayar gidan ne ya gagare ku?" Na ce a'a Hajiya, hutu ne, ita ma motar hayarta za mu yi, da gado da kicin a ciki, a nan kamfa suke ce mata. Ta ce, "Kamfai?" Shi ke nan suna ya bi mota. Har yau idan muka yi waya takan tambaye ni ko mun sake shiga motar kamfai, kuma har yau ta kasa gane abin da zai sa mai gida da ruwan zafi ya biya kuɗi don ya je ya kwana a daji.

Ni ma da farko ban gane ba. Aikin jinya nake yi a Houston, yawanci da dare, hutu a wurina kuwa shi ne in ja labule in yi barci. Baban Abba ne ya ɗauko maganar, ya yi wata guda yana nuna mini bidiyon jajayen duwatsun jihar Utah. Abin da ya sa na yarda bai wuce ciki ba. Duk tafiyar da muka taɓa yi a Amurka, kwana biyu ya isa mu gaji da biredi da soyayyen dankali, saboda neman abincin halal a ƙananan garuruwa wahala ce. Da na ji motar tana da murhu da firji, sai na ce to, a gwada.

Mun yi tafiyar a watan Oktoba na 2024, mu uku: ni, shi, da Abba mai shekara 11. Motar ta wani ƙaramin kamfani ce a Las Vegas. Amma kafin a zo maganar mota, duk mai niyyar zuwa gandun dajin Zion ya fara neman wurin kwana. Sansanin Watchman, wanda yake daf da ƙofar kudu, ana buɗe kama wuri a cikinsa ne wata shida kafin ranar, a shafin Recreation.gov, kuma nan da nan yake cikewa. Ni tun watan Afrilu na kama namu, ina zaune a ɗakin hutu na wurin aiki da kofin shayi a hannu. Sai bayan na tabbatar da shi na nemi mota. Ba a fafe gora ranar tafiya, musamman a wurin da mutum sama da miliyan 4 ke zuwa duk shekara.

A shafin kamfanin an rubuta dala 135 a kowane dare. Ku riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Mun sauka Las Vegas da hantsi, muka ɗauki tasi zuwa garejinsu, wani fili ne a bayan rumbunan ajiye kaya. Yarinyar da ta karɓe mu tana da fara'a, sai dai a gaggauce take, ga wasu iyali biyu suna jira a bayanmu. Cikin minti goma sha biyar ta zagaya da mu: wannan makunnin fitila, wannan na famfo, wannan na hita, ga gas, ga inda ake zuba ruwa. Ta ce sauran bayani yana cikin bidiyon da za su turo mana. Suka riƙe dala 1,500 a katinmu a matsayin jingina. Kafin mu tashi na ɗauki waya na zagaye motar ina ɗaukar bidiyo, har ƙasan bamba da gefen tayoyi. Baban Abba yana dariya, wai na mayar da kaina ɗan sanda. Ban kula shi ba.

Wanda ya san motar Homa da ke jigila tsakanin Zariya da Abuja, to kusan ita ce, sai dai wannan ta ɗan fi ta faɗi da tsayin rufi. Tsawonta kamar mita 6. Ina iya tsayawa a ciki ba tare da na sunkuya ba. A can baya akwai gado a gicciye, ƙarƙashinsa wurin zuba akwatuna. A tsakiya murhun gas mai kai biyu, wurin wanke-wanke da bai fi kwanon sha girma ba, da firjin da zai ɗauki abincin kwana uku idan an iya shiri. Kujerun gaba suna juyowa su fuskanci ciki. Akwai benci mai bel guda biyu wanda ake shimfiɗewa ya zama gadon yaro, kuma a nan nake jan kunnen masu yara: ku tambayi adadin kujeru masu bel, kada ku tsaya kan adadin gadaje. Na ga motoci da yawa a shafuka da aka rubuta suna kwanar da mutum huɗu, alhali mutum biyu kawai doka ta yarda su zauna a ciki idan tana tafiya.

Banɗaki kuwa, kada a sa rai. Wani ɗan masai ne na roba da ake jawowa daga cikin durowa, da tankinsa a ƙasa. Babu wurin wanka, sai wani tiyo a bayan mota mai ruwan sanyi. Tankin ruwan galan 20 ne. Na zo da buta daga gida, kuma da na manta da ita da tafiyar ta lalace tun ranar farko.

Kayan kicin da suka ba mu, waɗanda aka caje mu daban, tukwane biyu ne marasa kauri da wuƙar da ko albasa ba ta yankawa. Allah ya taimake ni na saka ƙaramar tukunyata da muciya da wuƙa a cikin akwati, tare da yaji, kuka, daddawa, garin kunun gyaɗa da dambun naman da na yi da hannuna. Nama da kaza muka saya a wani shagon halal kafin mu bar Las Vegas, don daga nan kuma sai abin da hali ya yi.

Daga Las Vegas zuwa Zion kamar mil 160 ne, mafi yawansa a babban titin I-15. Baban Abba ya saba da ƙaramar mota, sai ga shi riƙe da sitiyari da hannu biyu kamar ɗan koyo. Duk tirelar da ta wuce sai iska ta ture mu gefe, kwanuka su yi ƙara a durowa. Titin yana ratsa wani ɗan lungu na jihar Arizona, ta cikin kwazazzabon kogin Virgin, duwatsu sun tsaya hagu da dama, hanya tana lanƙwasa tsakaninsu. A nan ne hira ta ɗauke a motar. Muna shiga Utah kuma agogon waya ya yi tsalle da awa ɗaya, domin Nevada da Utah ba lokaci ɗaya suke bi ba. Babu wanda ya tuna da wannan a cikinmu. Mun ƙiyasta za mu isa da sauran rana, sai ga mu a ƙofar gandun dajin bayan magariba.

Shigar da motar cikin gurbinta da ribas, a cikin duhu, ita ce rigimarmu ta farko. Na fita da tocilar waya ina ba shi hannu. "Dama, Baban Abba, dama!" Ya leƙo ta taga: "Damarki ko damata?" Abba yana ciki yana ƙyalƙyala dariya, maƙwabta suna zaune gaban wutarsu suna kallon ikon Allah. Sai a karo na huɗu ta shiga.

Da muka zo salla aka sake wata muhawara. Mu da muka tashi da cewa a fuskanci gabas, a can alƙibla tana arewa maso gabas ne, ta ma fi karkata arewa. Ko a Houston haka ne, amma a gida an riga an san bangon da ake kallo. A daji sai da muka daidaita wayoyi biyu. Muka shimfiɗa darduma a kan jan yashi gefen mota, muka haɗa magariba da isha, wani ƙaton dutse ya tokare sama a bayanmu, taurari kamar a kai hannu a tsinko.

Washegari ne na fara ganin amfanin kuɗinmu. A Zion, mafi yawan shekara ba a barin motocin mutane su shiga babban kwarin. Tun shekarar 2000 aka sa bas-bas na kyauta da ke tashi daga ofishin baƙi, su tsaya a tashoshi tara, kuma lokacin da muka je ba a daɗe da sauya su da masu amfani da lantarki ba. Matsalar ita ce wurin fakin. Masu kwana a otal-otal na nesa sai sun yi sammako, kuma kafin hantsi fili ya cika, layin bas ya miƙe. Mu kuwa muka yi asuba, na dama kunu, muka sha da biredi, muka rufe mota muka taka da ƙafa. Ko minti goma ba mu yi ba muka isa tasha. Da rana ta take muka dawo, na ɗumama shinkafa da miya, muka yi salla, muka ɗan runtsa, da la'asar sakaliya muka sake fita. Duk wanda ya taɓa yawo da yaro mai jin yunwa ya san darajar wannan.

Wurin da kowa ke son hawa shi ne Angels Landing, wani tsinin dutse mai tsayin ƙafa 1,488 daga ƙasan kwari, inda ƙarshen hanyar siriri ne, rami hagu rami dama, sai sarƙa da aka kafa ake riƙewa. Tun watan Afrilu na 2022 ba a hawa sai da takardar izini, ita kuma ta ƙuri'a ake samu: dala 6 kuɗin shiga, idan an ci a ƙara dala 3 a kan kowane mutum. Baban Abba ya shiga sau biyu bai ci ba. Ya yi ta jimami, ni kuwa a zuciyata hamdala nake yi. Ana iya hawa har Scout Lookout, wani dandali da ke daf da inda sarƙar ta fara, ba tare da izini ba, can muka nufa. Aka sauke mu a tashar Grotto, muka haye gada, hanya ta fara tashi. Akwai wani tsukin da rana ba ta shiga, sanyinsa kamar an buɗe firji, sunansa ma ke nan a wurinsu. Bayansa sai kwana-kwana guda 21 da aka gina a jikin dutse tun 1926, ɗaya a kan ɗaya, ana ce musu Walter's Wiggles, da sunan mutumin da ya fara shugabantar wurin. Abba yana ƙirgawa da ƙarfi. Ni daga ta tara na daina jin sa, numfashina kawai nake ji. Rabona da hawan dutse tun muna 'yan sakandare da aka kai mu Kufena, kuma Kufena a gaban wannan tudun shuka ne.

Da muka kai sama na zauna nesa da baki, na buɗe robar dambu. Bas-bas ɗin da ke ƙasa sun koma kamar ƙwaro. Na kalli masu bin sarƙa, wata mata ta tsaya a tsakiya ta kasa gaba ta kasa baya. Abba ya ce, "Umma, baɗi za mu hau ko?" Na ce ya ci dambunsa.

Kwana na uku muka shiga Narrows, kuma ko don shi kaɗai tafiyar ta biya. Ana sauka a tasha ta ƙarshe, a bi hanyar siminti mil ɗaya a gefen kogi, daga nan hanya ta ƙare, kogin ne ya zama hanya. Cikin ruwa ake tafiya, wani wuri idon sawu, wani wuri gwiwa, wani wuri har ƙugu, bangayen dutse suna ta matsowa har sama ta koma kamar zare. Mun yi hayar takalman ruwa da safa mai kauri da sanda a garin Springdale da ke bakin ƙofar Zion, kuma kada wanda ya yi rowar wannan kuɗin. Duwatsun ƙasan ruwan suna da santsi, ruwan Oktoba kuma yana cizo. Na sa dogon wando mai saurin bushewa da riga har gwiwa, na ɗaure hijabina ciki don kada ya sha ruwa. Babu wanda ya kalle ni sau biyu, kowa ta ƙafarsa yake yi.

Abu biyu ma'aikatan wurin suke nanatawa. Na farko ambaliya: ruwan sama zai iya sauka a can nesa inda ba ka gani, ya taru ya biyo kwazazzabon, kuma babu wurin gudu. A watan Satumba na 2015 mutum bakwai suka rasu a wani ƙaramin kwazazzabo na Zion ta wannan hanya. Shi ya sa ake duba allon hasashe kowace safiya, kuma idan ƙarfin kogin ya wuce ƙima rufe wurin ake yi. Na biyun ya fi shafar mu. Tun 2020 aka gano wata irin gansakuka mai guba a kogin, har wani kare ya mutu bayan ya yi wasa a ciki, don haka ake gargaɗi kada a sha, kada a nutsa kai. Baban Abba ya riga ya naɗe hannun riga zai yi alwala, ga ruwa garai-garai yana gudu, na riƙe shi. Kurkurar baki da shaƙa ruwa ai su ne ainihin abin da aka hana. Da ruwan gorarmu ya yi. Kuregun wurin kuma ba su da kunya ko kaɗan, ɗaya ya shiga jakar Abba har wuya. An hana ba su abinci, kuma suna cizo.

A Watchman gurbinmu yana da wutar lantarki, ga famfo da banɗaki masu tsabta a kusa, amma babu wurin wanka a sansanin. A Springdale muka biya muka yi. Tankin galan 20 kuwa, da alwalar mutum uku da wanke-wanke, kwana biyu ya yi mana. Na koyi wanke kwano da ruwan da bai fi kofi biyu ba, abin da kakata ta Giwa take yi ba tare da ta ɗauke shi wata gwaninta ba.

Kwana na huɗu muka kama hanyar gandun dajin Bryce, a nan kuma na fara jin haushin kamfanin. Hanyar gabas tana bi ta wani rami da aka fasa a cikin dutse, tsawonsa mil 1.1, an buɗe shi a 1930 lokacin da motoci ba su kai na yanzu girma ba. A lokacin da muka je, duk motar da faɗinta ya kai ƙafa 7 da inci 10, har da madubai, ko tsayinta ya kai ƙafa 11 da inci 4, sai an tsayar da masu tahowa ta bi tsakiyar titi ita kaɗai, kuma sai an biya dala 15. Ma'aikacin ya tambaye mu faɗin motar, muka kalli juna. Ya ɗauko abin awo ya gwada, madubai suka kai mu ciki. Dala 15 ba wani abu ba ne. Abin da ya ba ni haushi shi ne kamfanin da kusan duk masu hayarsa nan suke zuwa ya kasa manna 'yar takarda a gaban direba mai ɗauke da tsawo da faɗin motar. Bayan ramin dai ƙasar ta sauya kama, farin dutse mai zane kamar an ja layin dara, muka ga tumakin dutse uku a gefen titi suna kallon mu.

Daga Zion zuwa Bryce bai fi awa biyu ba, amma hawa ake ta yi. Bakin Bryce yana sama da mita 2,400 daga doron teku. Mun bar Zion da riga ɗaya, muka isa can iska tana yanka kunne. Mai ya yi ƙasa, allura ta sauka ƙasa da kwata, Baban Abba ya ce gobe ma rana ce, a garin da ke bakin ƙofa za mu sha.

Na ɗora shinkafa ta ƙi dahuwa. Ruwa yana ta tafasa, ita kuwa tana nan da tsatsarta. A irin wannan tsayi ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da ya saba ba, wajen digiri 92 maimakon 100, don haka komai sai ya ɗauki lokaci. Na ƙara ruwa, na ƙara haƙuri.

Wajen ƙarfe goma na dare muka kunna hita. Ta yi ƙara kamar za ta tashi, ta hura iska mai sanyi, ta mutu. Muka sake, ta sake mutuwa, wata lamba tana ƙiftawa a ɗan allonta. Na nemo bidiyon da suka turo, sabis ya ƙi ɗauka. Na kira lambar da aka ce tana aiki dare da rana, na'ura ta ce in bar saƙo. Na bari har uku. Sansanin North na Bryce ba shi da lantarki, balle a ce a jona wani abu. Bargunan da muka biya kuɗinsu guda biyu ne, sirara, irin na jirgi. Na san sanyin hunturu, na yi shekara guda a Jos, amma wannan daban ne. Muka sa duk kayan da muka zo da su, safa biyu-biyu, muka ɗauko Abba muka sa shi tsakiyarmu a gadon da ko mutum biyu bai isa ba. Dama Baban Abba tun daren farko a lanƙwashe yake kwana, don gadon bai kai tsawonsa ba. Ya ce ko mu kunna murhu ya ɗumama motar, na ce wallahi a'a. Na ga abin da hayaƙin da ba a gani yake yi wa mutane a rufaffen ɗaki, na karɓe su da hannuna a wurin aiki. Da asuba tururin numfashinmu ya daskare a jikin gilashi ta ciki, Abba ya rubuta sunansa da farce. Ruwan da na bari a buta a waje ya zama dutse.

Wani dattijo Bature da ke gurbin kusa da mu, shi da matarsa sun yi ritaya suna yawo a tasu motar, ya ga Baban Abba yana leƙa ƙarƙashin kujera ya zo. Tambaya ɗaya ya yi: mai nawa ya rage a tanki? Da aka gaya masa sai ya yi murmushi. Ashe irin wannan hita daga tankin man motar take sha, kuma da gangan ake sa bututunta ya tsaya sama da ƙasan tanki, don kada ta shanye man ta bar mutum a daji. Da zarar mai ya sauka ƙasa da kwata, ta daina samu. Lafiyarta ƙalau. Magana ce ta daƙiƙa biyar da yarinyar nan za ta faɗa mana a gareji. Muka je muka cika tanki, muka dawo, a kunnawa ta biyu ta tashi. Na dafa shayi da citta da kanumfari na kai musu, matar ta sha ta yi tari, ta ce a ƙara mata. Kamfanin kuwa sai ƙarfe goma sha ɗaya na safe suka kira, suna tambaya ko an samu mafita.

Bryce ba kamar Zion ba ne. A Zion kana ƙasa kana ɗaga kai, a nan kana sama kana leƙa wani ƙaton kwano cike da ginshiƙan dutse ja da ruwan goro, dubbai, a tsaye kamar jama'a a filin idi. Sanyin da ya hana mu barci shi ne maginin su: ruwa ya shiga tsaga da rana, ya daskare da dare ya buɗa ta, a haka shekara da shekaru har dutse ya rabu. Muka gangara ta Queen's Garden muka hauro ta Navajo Loop, kusan mil 3. Gangarawa daɗi, haurowa kuwa ga rashin barci ga ƙarancin iska, sai da na raina kaina. Daren nan na tuƙa tuwon semo da miyar kuka, hita tana aiki, tagogi sun yi gumi, ƙamshin daddawa ya cika motar. Ban san ko an taɓa kaɗa kuka a wannan sansanin kafin ni ba. Abba ya yi ƙari sau biyu.

Aikin da babu mai so shi ne zubar da tankin masai da na ruwan wanke-wanke, kuma dole ne a mayar da mota babu komai a cikinsu, in ba haka ba a ci tara. Akwai wurin da aka tanada don haka. Na tuna wa Baban Abba cewa shi ya kawo shawarar tafiyar, na miƙa masa safar hannu irin ta wurin aikinmu, na koma mota na rufe ƙofa.

To, mu dawo kan dala 135. Dare biyar ya kama 675. Inshora dala 32 kowane dare, 160 ke nan. Kayan shimfiɗa da na kicin 90. Wani abu da suka kira kuɗin shirya mota, 95. Mil 100 suke bayarwa kyauta a kowane dare, mu kuma mun yi 568, aka caje mu rarar. Da haraji ya hau, takardar ta tsaya a dala 1,160 da 'yan kai. Ba a sa mai ba, wanda ya ci kusan 130, ba a sa kuɗin sansani ba. A 2024 ɗin kuɗin shiga kowane ɗaya daga cikin gandun dajin biyu dala 35 ne a mota, mu kuwa muka sayi katin shekara na dala 80 tunda bambancin goma ne kawai. Duk waɗannan kuɗaɗen suna rubuce a wani wuri a shafinsu, ban ce sun ɓoye ba, amma sai ka kai mataki na ƙarshe kake ganin jimla. Wanda yake tunanin zai yi wannan tafiya don ya fi otal araha, ya sake lissafi. Abin da muka rage a kuɗin abinci ne kawai, sai kuma abin da ba a saye a otal: kwana a cikin gandun dajin, da tukunyata a kusa.

Wurin mayar da mota wani saurayi ne ya duba ta. Ya tsaya a bamba ta baya, ya nuna wani ƙarce, ya fara rubutu. Na ciro waya na nuna masa bidiyon ranar farko, ga ƙarcen nan, ga kwanan wata. Ya goge abin da ya rubuta, ya ba da haƙuri. Na juya na kalli Baban Abba, shi kuma ya sami abin kallo a sama. Na kawo maganar hita, na ce aƙalla a mayar mana da kuɗin daren. Bayan saƙonni huɗu suka cire mana kuɗin shirya mota, suka ce za su ƙara bayanin a takardar da suke ba masu haya. Jinginarmu ta dawo bayan kwana tara.

Motar ita kanta ba ni da abin cewa a kanta. Tana da tsabta, firji bai taɓa tsayawa ba, batir da sola sun riƙe fitilu da cajin wayoyi, burki da tayoyi lafiya lau. Girmanta ma daidai ne, ta shiga duk inda ƙaramar mota ta shiga, ba kamar manyan nan masu kama da tirela da muka ga suna wahalar juyawa ba. Kamfanin ne ya gaza wajen bayani da amsa waya, kuma ga wanda bai taɓa hawa irin motar ba, waɗannan biyun su ne rabin abin da ya biya. Zan sake hayar irinta, watakila ma a wurinsu, amma sai na zaunar da mai ba da makulli ya kunna mini komai ɗaya bayan ɗaya a gabana, na zo da barguna na gaske daga gida, kuma ba zan bar allurar mai ta sauka ƙasa da rabi ba. Ga iyali mai mutum fiye da huɗu, ko wanda ke tafe da tsoho mai yawan tashi da dare, ban ba da shawara ba.

Mako guda da dawowarmu saƙo ya shigo daga kamfanin. Wai masu shara sun tsinci butar shayinmu ta roba a kusa da masai, ko muna so a aiko mana? Baban Abba ya yi dariya har da riƙe ciki. Na rubuta musu cewa su bar ta a motar.